Saƙo Mai Wushirya

Ku matso, 'yan uwana masu karatu. Abin da zan ba ku yau ban taɓa iya ba da shi a zaune ba. Ko yanzu da nake rubutawa na tashi na leƙa ƙofa ya fi a ƙirga, alhali babu wanda nake jira. Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Safara'u, 'yar Zugu ta ƙasar Bukkuyum, uwar yarinya ɗaya, Mubina. Mijina Haladu, wanda ban taɓa kiran sunansa da bakina ba sai yanzu a rubuce, kabu-kabu yake yi. Wata safiya ya ɗauki fasinja zuwa kasuwar Bukkuyum, mutanen daji suka tare hanya, da azahar aka shigo mini da shi a tabarma. Mashin ɗin har yau ba a gan shi ba. Abin da aka miƙo mini daga aljihunsa wayarsa ce, 'yar ƙarama mai maɓallai, gilashinta ya tsage daga kusurwa.

Karatuna bai yi nisa ba. Aji huɗu na tsaya, rabin lokacin ma ina tallar hura. Na san haruffa ɗaya-ɗaya kamar yadda na san awakin gidanmu, amma idan suka cunkushe wuri guda sai su zame mini tururuwa a bakin rami, in rasa ta farko in rasa ta ƙarshe. Haladu ne idona. Kowane saƙo shi ke karanta mini, har ya ƙara abin da ba a rubuta ba don in yi dariya. Wani lokaci idan ya dawo da yamma sai ya tsuguna a tsakar gida ya zana mini kalma a ƙasa da makullin mashin, kowane harafi ya ba shi fili kamar faɗin tafin hannu, ya ce, "To Hajiya, yanzu ba su gudu. Kama su." A haka na karanta sunana da nasa. Ba mu yi nisa ba aka raba mu. A cikin wayar akwai saƙo guda da ya tura wa kansa don in riƙa gwaji da shi, wai Safara'u ta fi kowa iya dama hura. Wannan ba karanta shi nake yi ba, haddace shi na yi.

Bayan na fita takaba muka baro Zugu, ni da Inna da Mubina, muka sauka Gummi gidan ƙanen Inna, Kawu Ɗanladi. Gida ne mai ɗaki uku da rumfar kara. Kawu da iyalinsa ɗaya, yayana Surajo da matarsa Rufaida mai tsohon ciki ɗaya, mu kuma aka kwashe buhunan gero daga na ukun aka ba mu. Gadon ƙarfe guda ne, Inna da Mubina a sama, ni a tabarma, kaina kusa da kwallar Inna, ƙafata tana taɓa ƙofa. Ba na barci mai nauyi. Da na ji ƙarar mashin a lungu sai in zabura in zauna, in jira ya wuce.

A wannan gidan Mubina ta fara zubewa. Gashinta ya yi ja, hannunta ya koma kamar sillen kara. Wata maƙwabciya ta ce in kai ta wurin awon yara da ke bayan tasha, inda ake ba masu tamowa madarar gyaɗa a leda. A can na fara ganin Malam Kamalu. Shi ne mai zama gaban kwamfuta yana ɗaukar sunaye. Siriri ne, baƙi, da tabarau da aka ɗaure hannunsa ɗaya da zare, rigarsa kullum a goge amma wuyanta ya fara cinyewa. Ya tambayi sunana da lambar waya, ya miƙo mini kati ya ce in duba ko daidai ne. Na riƙe katin na daɗe. Da na ga mutane na jira a bayana sai kawai na faɗi gaskiya, na ce haruffan sun matse mini, ba na ganewa sai an ware su. Bai yi dariya ba. Ya karanta mini a hankali, ya ce za a riƙa tuna mana ranar awo ta waya, kuma in Allah ya so za a ga abin da za a yi. Sannan ya jawo wata 'yar kujerar roba ja daga ƙarƙashin teburinsa ya zaunar da Mubina. Daga ranar, duk zuwan da muka yi, kujerar nan tana fitowa.

Ku riƙe maganar nan tasa, za a ga abin da za a yi, domin ni na riƙe ta har ta kusa karya ni.

Ina surfe wani hantsi wayar ta yi ƙara a ƙugun zanena. Na saba idan saƙo ya shigo in kai wa Surajo, shi kuma ya karanta yana hamma. Amma da na duba sai na ajiye taɓarya. Ga abin da na gani:

S a f a r a ' u ,   k i   k a w o   M u b i n a   a w o   r a n a r   T a l a t a .   K i   k u l a   d a   k a n k i .

Kowane harafi a tsaye shi kaɗai da filinsa, tsakanin kalma da kalma kuma fili babba. Babu mai gudu. Na kama su ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, hannuna duk dusa, na karanta tun daga farko har ƙarshe babu wanda ya taya ni. Da na kai kan ki kula da kanki sai na shige bayan rumbu na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo tabarma.

'Yan uwa, ku sa kanku a matsayina. Mutum ɗaya tak na gaya wa matsalata a garin nan. Ya ce za a ga abin da za a yi. Ga shi an yi. Wa zai zauna ya ware haruffa ɗaya-ɗaya saboda wata bazawara 'yar gudun hijira, in ba wanda ya sa ta a ransa ba?

Ban nuna wa kowa ba. Wayar ta daina kwana wurin mai caji, ina tsaye ake cika ta in karɓa. Saƙo yana zuwa duk mako, wani lokaci a kashi biyu saboda tsawonsa, kuma duk ƙarshensa ki kula da kanki. Sai na fara mayar da amsa. Na farko na gode kawai na rubuta, ni ma na ware haruffan yadda ya yi, ya ɗauke ni tsawon dahuwar wake. Daga baya na ƙara tsawo. Mubina ta cinye leda biyu. Mubina ta yi gudu yau. An yi ruwa, ɗakinmu ya yi yoyo. Na yi mafarkin Zugu. Bai taɓa amsa ko ɗaya ba, na ce kunya ce da gudun bakin mutanen ofis. Ranar awo kuwa gaisuwa kawai muke yi, ya ce Maman Mubina ya jikin, in ce da sauƙi, ya jawo kujera, ni kuma in sunkuyar da kai ina jin kamar mun yi doguwar hira.

Inna ta fara lura. Ta ce mi nike nema cikin wayar ga tun da sahe kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Rufaida ta ce ai Yaya Safara'u ta fara sa kwalli, ko dai mai caji ne. Na ce mata ta ji da cikinta. Amma gaskiya ta faɗa, na fara sa kwalli.

Sai ga maganar Anka. Wata Asabar bayan la'asar Kawu ya sa aka shimfiɗa buzu ƙarƙashin rumfa ya kira mu. Ya yi dogon bayani, ya ce shi bai gaji da mu ba, amma Rufaida ta kusa sauka, uwarta za ta zo wankan jego, ɗaki kuwa ba ya haihuwa. Ya ce ya yi waya da Goggo Binta da ke Anka, wadda ke dafa abinci tana sayar wa masu niƙan dutsen zinari, tana neman hannu, kuma tana da ɗaki. Inna za ta zauna, ni da Mubina mu bi motar Juma'a.

Ina yarinya 'ya'yan Goggo biyu suka rasu a Dareta, can ƙasar Anka, lokacin da gubar dalma ta ƙurar dutsen zinari ta ɗebi yara, na ga yadda ta dawo mana ba ta magana. Na san yanzu an ce ana kiyayewa, amma ni ɗiya ɗaya gare ni, kuma yanzu ne kumatunta suka fara dawowa. Na ce Kawu awon Mubina fa. Ya ce can ma akwai asibiti. Na ce ƙurar dutse fa. Ya ce rai na hannun Allah. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma. Surajo yana ta danna wayarsa kamar ba a gidan yake ba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Kawu, akwai mai nemana nan Gummi."

Har kazar da ke tono sai da ta ɗaga kai. Kawu ya gyara zama ya ce, "Wa na? Ɗan wa na?"

Na ce Malam Kamalu na wurin awo. Ya tambaya ko ya taɓa zuwa zance, na ce a'a, ta waya muke magana. Surajo ya miƙo hannu in ba shi wayar, na cusa ta cikin hijabi. Kawu ya dube ni ya ce shi ba ya hana alheri, mutumin da ke da aikin yi ba abin ƙi ba ne. "In da gaske shi kai, shi taho shi yi man sallama kahin Juma'a. In ya taho, ki zamna, ko zaure na in gyara maku ke da ɗiyarki har a ɗaura. In bai taho ba, mota na nan."

A yammacin nan na rubuta saƙo mafi tsawo da na taɓa yi. Na ce Kawu ya ce ka zo kafin Juma'a, in ba haka ba za a kai mu Anka. Na tura. Lahadi shiru. Litinin shiru. Na share tsakar gida har Rufaida ta ce zan kai ga ruwa. Na wanke kwanukan da ke wanke. Saƙon awo ya shigo kamar kullum, wannan karon ya ce Alhamis, ya rufe da ki kula da kanki. Na ce wato a can yake so mu yi magana.

Ranar Alhamis na buɗe kwallar Inna na ciro atamfar da Haladu ya saya mini sallar ƙarshe, shuɗiya mai zanen ganyen kuka, an ɗinka amma ban taɓa sa ta ba. Tana warin kafur. Na riƙe ta a ƙirji na ce Haladu ya yafe mini, don Mubina ne, ko da yake na san ba don Mubina kaɗai ba ne. Na sa hijabi ruwan toka, na goge takalmina da tsumma, na yi wa Mubina kitso guda huɗu da 'yan duwatsu. Inna ta ɗiga mini turare a wuyan hannu.

A layin awo na haɗu da Tabawa, ƙawata tun Zugu, wadda su ma suka gudo suna zaune can wajen gari. Bakinta ba ya rufuwa. Ta taɓa atamfata ta ce wa ya mutu ya bar mini gado, sai ta tuna, ta kama bakinta, muka yi dariya mu duka har da hawaye. Muna cikin haka ta ciro wayar mijinta daga lalita tana mita, wai ya ce ta gaya wa mutanen nan su daina turo masa saƙo mai giɓi kamar bakin tsohuwa, kafin ya haɗa kalma ɗaya shayinsa ya huce. Ta tura mini wayar a fuska.

T a b a w a ,   k i   k a w o   B a s h i r   a w o   r a n a r   A l h a m i s .   K i   k u l a   d a   k a n k i .

Na karanta shi tas, abin da ya fi ciwo ke nan. Matar da ke gabanmu ta juyo ta ce ita ma haka nata yake zuwa, ta bayanmu ma haka. Ni da nake ganin wushirya, ashe kowa giɓi yake gani. Na ce wa Tabawa ta riƙe mini wuri, na ja Mubina na nufi ɗakin kwamfuta, ban san abin da zan ce ba.

Na tarar da shugabar wurin, wata Hajiya mai farin gilashi, tana fitowa tana cewa yau ɗin nan take son a gyara, ta gaji da ƙorafin mazan mutane, ga saƙo ɗaya yana cin kuɗin biyu. Malam Kamalu yana zaune ya dafe kai, hularsa a kan tebur, gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Da ya gan mu ya miƙe, hannunsa ya tafi ƙarƙashin tebur ya jawo jar kujera kamar ba da saninsa ba.

Na ce, "Malam Kamalu, haruffan nan da ke zuwa a ware, kai ka ware su?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri Maman Mubina, kuskurena ne. Yanzu nake kan gyara shi."

Kuskure. Na nemi bango na jingina. Shi kuwa ya ɗauka fushi nake yi, sai ya shiga yi mini bayani da sauri, ya juyo da kwamfutar don in gani. Allo ne shuɗi da fararen rubutu, ya ce sunan abin Fawashel, a nan yake rubuta wa na'ura umarni ita kuma ta tura wa mata duka a lokaci guda, sunan uwa da na ɗa kawai take canzawa. Zan faɗa muku yadda na riƙe, in na kauce masu ilimin ku gyara. Ya ce ƙananan wayoyinmu ba su san haruffa masu lanƙwasa ba, irin na ƙofa da ɗaki da ɓera, sai su nuna akwati a wurinsu. Don haka ya umarci na'urar ta warware saƙo harafi-harafi, ta tsince masu lanƙwasa ta sa marasa lanƙwasa. Ta yi yadda ya ce. Amma da ta gama, abin da ke hannunta ya daina zama magana, ya koma jerin haruffa, kowane a gurbinsa kamar ƙwai a kiret. Shi kuma sai ya juye su haka nan cikin saƙo, bai gaya mata yadda za ta mayar da su magana ɗaya ba. Ita kuwa halinta ke nan, in ba ka faɗa ba sai ta sa fili tsakanin kowane biyu. Bai gani da wuri ba saboda lambarsa ba ta cikin waɗanda ake tura wa.

Ya ce tun jiya yake fama. Ya gwada ce mata ta mayar da jerin rubutu kai tsaye, sai ta rubuto masa sunan irin kayan da ke hannunta da Turanci maimakon saƙon. Ya gwada share duk wani fili, sai kalmomin ma suka manne da juna kamar danƙo, babu mai iya karantawa. Yana faɗa yana dariyar kansa, ni ina kallon ganyen kukar da ke jikin atamfata.

Sai ya ce yanzu wani abokinsa ya nuna masa hanya. Ya rubuta ɗan gajeren layi, da haruffa huɗu, j, o, i, n, na gan su da idona domin ya buga su a hankali. Ya ce ma'anarsa haɗa. A gabansa ya sa 'yan alamu biyu manne da juna, ya ce abin da ka sa a tsakaninsu shi na'ura za ta sa tsakanin haruffa, shi kuma bai sa kome ba. Ya ce bari ya gwada da lambata tunda ina kusa. Ya danna. Wayar Haladu ta yi ƙara a tafin hannuna.

Na duba. Tururuwa sun dawo.

Ya leƙo ya gani, fuskarsa ta washe, ya ce alhamdu lillahi, ya tsira da aikinsa. Ya ce na zo masa da sa'a.

Na ce, "Wancan mai kuskuren shi na iya karantawa."

Dariyar ta tsaya masa a fuska. Ya cire tabarau ya mayar. Na ga ya tuna ranar kati, na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Kafin ya yi magana na tambaye shi abin da ke cin raina, na ce idan mace ta mayar da amsa, wa ke gani. Ya ce babu kowa, amsoshi suna tafiya cikin wani layin waya da ke maƙale a jikin na'ura, ba a taɓa buɗe shi ba. Na ce to madalla. Na ɗauki Mubina daga kujera, aka auna ta, aka ce ta ƙaru, na karɓi ledojinta, ban ko nemi Tabawa ba. Na ji ya kira Maman Mubina daga baya, ban juya ba.

Hanyar gida ban hau mashin ba, da ƙafa na tafi, Mubina a baya, rana tana dukan mu. Ina tafe ina lissafin abin da na rubuta. Yoyon ɗaki. Mafarkin Zugu. Kawu ya ce ka zo. Wata uku ina zance da akwatin ƙarfe. Abu ɗaya ya rage mini na rufin asiri, babu wanda ya gani.

Na sami Inna tana tankaɗe. Na cire atamfar na ninke, na ɗaura tsohon zanena, sannan na durƙusa kusa da ita na ce, "Inna, babu kowa. Ni ɗai niy yi ta zancena."

Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Ta kakkaɓe hannunta, ta shiga ɗaki ta jawo jakar gana-mas-go daga ƙarƙashin gado, ta fara ninke kayan Mubina ɗaya-ɗaya, tana shafa kowace riga kafin ta sa. Rufaida ta leƙo da wata magana a bakinta, ta ga fuskokinmu ta haɗiye, ta koma ta kawo mini sabulu biyu da kwalbar man shafawa ta ce in sa a jaka. Kawu ya fita tun la'asar, an ce ya je tasha kama mana wuri, daga can zai wuce masallaci.

Na kasa zama. Na ɗebo ruwa, na kwashe shanya, na koma na sake shanya ta. Rana ta yi ja. Na ciro wayar don in kashe ta, sai na ga ɗan hoton ambulan yana ƙyaftawa a sama, alamar ta cika, wani saƙo yana waje bai sami wuri ba. Dama ban taɓa share ko ɗaya ba. Na ce wato na'ura ba ta gama da ni ba. Na zauna bakin turmi na fara sharewa. Ki kula da kanki, share. Ki kula da kanki, share. Na bi su duka har ya rage na Haladu shi kaɗai, Safara'u ta fi kowa iya dama hura.

Nan take wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce.

N a   b u d e   l a y i n .  N a  ka r a n t a   d u k a .   W a n n a n   d a   h a n n u n a   n a   r u b u t a .   I n a  n e   g i d a n   K a w u ?

Na karanta na sake karantawa. Filayen ba daidai suke ba, wani ya yi faɗi wani ya matse, wuri ɗaya ma ya yi mantuwa, harafi biyu suka manne. Na'ura ba ta mantuwa irin wannan. Kunya ta fara rufe ni, domin duka ya ce, har da mafarkin. Bayan kunya sai tsoro. 'Yan uwa, na ci sadakar mutane tun da muka baro Zugu, ta gero da ta tufafi, na gode musu. Amma ba zan iya cin sadakar aure ba, ko da ƙurar Anka ce a ɗaya hannun.

Inna ta fito da jakar, zip ɗinta ya mutu, tana riƙe da igiyar da za ta ɗaure bakinta. Na ce ta ɗan dakata. Na rubuta masa kalma biyu: T a u s a y i   n e ?

Aka fara kiran magariba. Mubina tana zagaya turmi tana jan zanena. Inna tana tsaye da igiya. Na ji an tayar da salla, na ji an sallame, wayar tana hannuna kamar garwashi. Sai ta yi ƙara.

K u j e r a r   M u b i n a   b a   n a ' u r a   k e   a j i y e   t a   b a .

Ban san ina kuka ba sai da gilashin ya jiƙe. Na goge shi da bakin zane, na rubuta masa kwatance, bayan injin niƙa, ƙofa mai shuɗin kwano, akwai dalbejiya a gaba. Ban taɓa rubutu da sauri haka ba, ban ma tsaya ware haruffan ƙarshe ba.

Inna ta ce, "In ɗaure?"

Na ce, "Aje igiyar ga, Inna."

Ta dube ni, ta dubi wayar, ta rataye igiyar a kan dangar rumfa inda hannu zai kai gare ta. Can sai ga gyaran muryar Kawu a zaure, yana tambaya ko Safara'u ta gama haɗa kaya, direba ya ce da sassafe zai tashi, ba ya jiran kowa. Na buɗe baki in amsa, sai na ji ƙarar mashin ta shigo lungunmu. Na zabura kamar kullum, na tsaya ina jira ya wuce.

Bai wuce ba. A ƙofarmu aka kashe shi.